Neman kalma: me za mu kira "original sin" da Hausa? Ana ɗaukar shirin ranar Alhamis

'Yar Bukuru:
Salama gare ku iyaye da 'yan'uwa. Taimako nake nema cikin gaggawa. An ba ni darussan tauhidi in mayar da su Hausa domin shirin rediyo na minti 30, kuma Alhamis da safe za a ɗauki murya. Darasi na biyu ne ya kakare mini. Dukansa a kan original sin yake, wato koyarwar cewa tun da Adamu ya faɗi, kowane ɗan Adam yana zuwa duniya a rabe da Allah, zuciyarsa a karkace, tun bai aikata komai da hannunsa ba. Kalmar tana kusan kowane sakin layi, ba dama in riƙa kewaye ta da dogon bayani. Na sa "zunubin asali" da fensir amma raina bai kwanta ba. Akwai kuma free will a ƙarshen darasin. Ku tuna ba 'yan coci kaɗai ke sauraro ba.

Katikis:
Zunubin asali. Da shi nake koyar da masu shirin baftisma, ba wanda ya taɓa cewa bai gane ba. Da Latin peccatum originale ne, kuma origo shi ne asali. Ki goge fensirin ki sa biro.

Ɗan Wusasa:
Malam Katikis, sun gane ne don kana tsaye a gabansu kana bayani. Wanda ya kunna rediyo a shago fa? In Bahaushe ya ji "na asali", abin da ke zuwa masa shi ne na ƙwarai, wanda ba jabu ba. In kuma ya ji "asali" kawai, sai ya tuna dangi da gida: ɗan asali, marar asali. Kada wani ya ɗauka ana nufin akwai gidajen da ke da wannan zunubin, akwai waɗanda ba su da shi. Ni dai zunubin gado. Gajere ne, kuma tun daga sunan ka san ba kai ka yi ba, tarar da shi ka yi. Jamusawa ma haka suka bi, Erbsünde suke cewa, zunubin da aka gada.

Ɗan Maraɗi:
Ina bayan Ɗan Wusasa a kan matsalar "asali". Mu nan da Faransanci muke karatu, kuma shi ya raba kalmomin biyu: original daban, originel daban. Péché originel ake cewa, abin da ke tare da mutum tun mafarinsa. Turanci ne ya haɗe su ya jawo muku wannan rikicin. Amma a yi adalci, Kiristocin Larabawa al-khaɗi'a al-asliyya suke cewa, don haka Katikis ba shi kaɗai ba ne.

Fasto Mai Ritaya:
'Yata, kafin ki zaɓi suna ki duba takardarki da kyau, domin abu biyu ake kira da wannan sunan guda. Akwai abin da Adamu da Hawwa'u suka aikata a Farawa sura 3. Wannan aiki ne, an yi shi sau ɗaya, ki kira shi zunubin farko ko faɗuwar Adamu, ba gardama. Sai kuma halin da zuriyarsu ta tsinci kanta a ciki. A nan ne wahalar take.

Kalmar kanta ba ta cikin Littafi Mai Tsarki. Agustin ne ya kafa ta da ƙarfi, bishop na Hippo, garin da ake kira Annaba yau a Aljeriya, ya rasu a shekara ta 430. Ya yi ta fama da Pelagiyus da almajiransa, waɗanda suka koyar cewa Adamu mugun misali kawai ya bar mana, jariri yana zuwa da tsabta kamar yadda Adamu yake kafin ya faɗi, kuma in mutum ya dage zai iya bin Allah. Majalisar shugabannin ikilisiya da ta zauna a Kartaj a shekara ta 418 ta ƙi wannan koyarwar. Madogarar Agustin ita ce Romawa 5:12, amma fassarar Latin ya karanta, wadda ta ce a cikin Adamu kowa ya yi zunubi. Yawancin masu karanta Helenanci a yau suna fahimtar wurin da cewa mutuwa ta bi kowa domin kowa ya yi zunubi. Shi ya sa ikilisiyoyin Gabas suka fi cewa zunubin kakanni. A wurinsu mun gaji mutuwa da lalacewa, ba mu gaji alhakin laifin Adamu ba.

To kin ga, duk kalmar da kika ɗauka kin ɗauki gefe. In kin ce gado, wani zai buɗe miki Ezekiyel sura 18, inda aka ce ɗa ba zai ɗauki laifin ubansa ba. Ki shirya amsarki. Ni in ana tambayata, nakan ce kamar sikila ne: yaron bai yi laifin komai ba, amma ciwon nasa ne da gaske, kuma ba ya warkar da kansa.

Katikis:
Baba Fasto ya faɗi abin da ya sa nake ƙin "gado". Gado ana raba shi, wani ya samu kashi biyu wani ɗaya, mai so ma ya yafe nasa. Wannan kuwa kowa ya same shi cif, ba mai yafewa. Majalisar Trent ta shugabannin Katolika a 1546 ta ce ta hanyar haihuwa yake wucewa, ba ta kwaikwayo ba, kuma yana cikin kowa a matsayin nasa na kansa. Katikismar 1992, littafin koyarwar Katolika, ta ƙara da cewa hali ne, ba aiki ba. "Asali" ya ɗauki wannan duka.

Mai Kishin Harshe:
Ina ta karanta ku ina mamaki. An ce a nemo kalmar Hausa, kun tsaya kuna auna Larabci da Larabci. Zunubi daga zunub yake. Asali daga asl yake. Ina Hausar a nan? Kafin zuwan Larabawa da Turawa kakanninmu ba su san mutum na iya zuwa da aibi tun daga ciki ba? Ga tawa, na daɗe ina juya ta: TABON TSATSO. Tabo, domin rauni ne da ya warke a sama amma shaidarsa ba ta gogewa. Tsatso, domin daga tsatson Adamu muka fito. Kalma biyu, babu aro ko ɗaya. A sa ta a rediyo sau uku, wallahi za ta kama.

Ɗan Wusasa:
Tabo raunin da ya riga ya warke ne, yallaɓai. Mu kuwa cewa muke ciwon yana nan yana ci. Ka juya koyarwar gaba ɗaya.

Mai Kishin Harshe:
To a ce mikin tsatso. Amma tabo ya fi daɗin faɗa. Matsalarku ba ma'ana ba ce, tsoron sabon abu ne.

Malamin Hausa:
Assalamu alaikum. Ni Musulmi ne, darasin ba nawa ba ne, amma harshen namu ne duka, ku ba ni dama. Malam Mai Kishi, a cikin maganarka ta sama ka ce "aibi", ka ce "wallahi", ka ce "kalma". In muka ce za mu tsince Larabci daga bakinmu, laifi ma sai ya tafi, don daga al-aib ya fito, haka lada da lahira da littafi da labari. Zunubi ya zama ɗan gida tun ƙarnoni, tsohuwa a ƙauye ta san shi.

Malama 'Yar Bukuru, ga abin da kunnen Musulmi zai ji. A wurinmu zunubi abin da mutum ya aikata ne bayan ya balaga, da hankalinsa. Mun yi imani ana haihuwar kowane yaro a kan fiɗira, Annabi Adamu ya tuba an karɓi tubarsa kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara, kuma Alƙur'ani ya maimaita cewa wani rai ba ya ɗaukar nauyin wani. Don haka ko kin ce asali ko kin ce gado, zai ji abin bai zauna ba. Shawarata kada ki nemi kalmar da za ta ɓoye wannan. Saɓanin na gaske ne. Gara ya ji abin da kuka yi imani da shi sarai ya ce bai yarda ba, da ya tafi yana zaton abu ɗaya muke faɗa. A nahawu kuwa duka biyun daidai suke, sai dai zunubin gado ya fi shiga kunne nan take.

Mai Kishin Harshe:
Malam, da girmamawa, irin wannan sassaucin ne ya kashe mu. Kowa ya zo ya yi wa Hausa yadda ya ga dama. Ka saurari Hausar coci mana: namiji ya koma mace, mace ta koma namiji, ba ƙa ba ɗa. Yanzu kuma su ne za su yanke mana kalmomin tauhidi?

Ɗan Wusasa:
"Su" wa? Ni Bazazzagi ne gaba da baya, kakana Bahaushe, kuma Kirista. Likita Mila, Bature ɗan mishan, ya zauna a birnin Zariya tun 1905, shi da Hausawan da suka yi aiki tare da shi suka yi ta fassara har cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932, shekara biyu kafin ƙamus ɗin Hausa na Bargery. Ka je ƙauyukan Kano da Katsina ranar Lahadi ka ji Hausar da ake wa'azi da ita, sannan ka dawo ka ce mana baƙi. Wannan maganar ta yi mini zafi, ba zan ɓoye ba.

'Yar Bukuru:
Ni kuma ba Bahaushiya ba ce, yaya, kuma ba na jin kunyar hakan. Da Hausa aka yi mini baftisma, da ita uwata take addu'a, da ita muka binne mahaifina. A ikilisiyoyin COCIN da ECWA da EYN akwai ƙabilu da yawa da ba abin da ya haɗa bakinsu a sujada sai Hausa. In na yi kuskuren jinsi a gyara mini, shi ya kawo ni nan. Amma kada a ce ba ni da hurumi.

Mai Kishin Harshe:
Ban ce ba ki da hurumi ba. Cewa na yi a riƙa tambayar masu abu. Kuma har yanzu ba wanda ya kawo hujjar da ta kayar da tabon tsatso, sai ɓacin rai.

Ɗan Maraɗi:
An kawo, ba ka karɓa ba ne. Kuma wane ne mai abu? Ku a Najeriya kuna ce wa tamu Hausar ƙauye, alhali kalmomin da kuka yar kuka ɗauki na Turanci muna nan muna amfani da su.

Fasto Mai Ritaya:
Ya isa haka, 'ya'yana. Yarinya na da aiki jibi. Mu koma kan kalma ta biyu, free will.

Kada ki ce "son rai", don wannan son zuciya ne. "Ganin dama" ya yi sauƙi da yawa, kamar mai zaɓen tuwo ko shinkafa. Abin da ake nufi shi ne ko nufin mutum yana da ikon juyowa wurin Allah da kansa. A kan wannan Irasmus, wani masani ɗan Katolika, ya rubuta littafi a 1524 yana cewa akwai ɗan abin da ya rage wa mutum, Martin Luta, jagoran Furotesta, ya mayar masa da martani a 1525 cewa nufin ɗaurarre ne sai alherin Allah ya kwance shi. Agustin kansa bai ce mutum ba ya zaɓi ba. Cewa ya yi yana zaɓar abin da yake so, amma son nasa ne ya lalace. Ni zan ce 'yancin nufi.

Katikis:
'Yancin zaɓi aka fi ji.

Ɗan Wusasa:
A rediyo zai fito kamar 'yancin zaɓe, a ɗauka shirin siyasa ne. Ikon zaɓi.

Malamin Hausa:
Ikon zaɓi ya yi. Mu ma muna da wannan muhawarar tun da daɗewa tsakanin Jabariyya, masu cewa mutum tilasta shi ake yi, da Ƙadariyya, masu cewa shi ke da ikon aikinsa, malamai kan ce ikhtiyari, mutanen gari kuma su ce zaɓi. Sai dai ki kula, da zarar kin faɗe shi mai sauraro zai sa shi gaba da ƙaddara. Darasinki kuwa, in na fahimci Baba Fasto, yana sa shi gaba da lalacewar zuciya ne. Ki faɗi hakan a jimla ɗaya tun farko.

Fasto Mai Ritaya:
Haka ne, Malam. Amma "iko" ya riga ya ba Irasmus gaskiya kafin a fara shari'a. Nufi ne ake tambaya ko ɗa ne ko bawa.

'Yar Bukuru:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ga abin da zan yi. Aikin Adamu: zunubin farko. Halin da muke ciki: zunubin gado, amma karon farko zan ce "zunubin gado, wanda waɗansu ke kira zunubin asali", in bi shi da bayanin Baba cewa hali muka gada. Zan karanta Ezekiyel 18 da kaina kafin wani ya bugo waya da ita. Ta biyun na sa ikon zaɓi, in Baba bai hana ba.

Katikis:
Ban gamsu ba, amma tunda za ki ambaci asali ko sau ɗaya ne, shi ke nan. A ajina dai ba zan canza ba.

Fasto Mai Ritaya:
Ban hana ba, ban kuma sa hannu ba. Inda takardar ta kawo Luta, ki ce ɗaurarren nufi, kada ki ce ɗaurarren iko.

Mai Kishin Harshe:
Gado dai Hausa ce, rabin hanya ke nan. Ku sa zunubinku. Amma a cikin bayanin ki jefa "tsatson Adamu" ko sau ɗaya ne, ki ga in wani zai ce bai gane ba.

'Yar Bukuru:
Tsatson Adamu zai shiga, yaya. Tabon ne ba zai shiga ba.