Neman kalma: me za a kira heavy rock da jazz fusion a shirin rediyo?

Abban Sadiƙ:
Assalamu alaikum. Ina neman agaji kafin daren Alhamis, don Juma'a da safe za mu naɗi shirin. An ba ni fili in gabatar da ƙungiyoyin kiɗan Turai da Amurka na tsakanin 1968 da 1973 waɗanda sunansu bai fita ba. Mai bin irin wannan kiɗa ya san Led Zeppelin da Black Sabbath. Ni waɗanda aka bari a baya nake so a ji: Sir Lord Baltimore na Brooklyn, Budgie na Cardiff, Leaf Hound na Landan. Kashi na biyu kuma Colosseum, Nucleus da Tony Williams Lifetime. Na farko ana ce wa kiɗansu heavy rock, na biyu jazz fusion. Shugaban sashenmu ya ce ba ya son jin zallar Turanci a bakina. Me zan ce?

Ummi Zariya:
Wa alaikumus salam. Rok mai nauyi, da kiɗan gauraye.

Garba Maiganga:
Ban da nauyi, Ummi. In ka ce wa Bahaushe kiɗa ya yi nauyi, zai ɗauka jan jiki yake yi, ba ya sauri. Sir Lord Baltimore kuwa gudu suke yi ba birki. John Garner yana zaune bayan ganguna yana duka da hannu da ƙafa, kuma shi ne mai rera waƙar, har kana jin numfashinsa yana sarƙewa. Abin da ake nufi shi ne an ƙure murfin amfilifaya har muryar jita ta dushe, ta yi kaushi, lasifika tana karkarwa. Blue Cheer na San Francisco sun yi haka tun 1968, su uku kacal. Ni rugugi zan ce. Rok mai rugugi.

Sani Fagge:
Me zai hana kiɗan dutse? Ko rok mai tauri?

Ummi Zariya:
Ba dutse ba ne, Sani, daga girgiza da rausaya kalmar ta fito. Tauri kuma yana da masu shi. Kana cewa kiɗan tauri mutane za su jira jin kirarin 'yan tauri da ƙarar wuƙaƙe.

Abban Sadiƙ:
Rugugi ya kwanta mini, Malam Garba. Gauraye ne nake ɗari-ɗari da shi, don bai faɗi abin da aka gauraya ba. Daga jaz suka ɗauko ƙirƙira nan take, mabushi ya saki jiki ya yi ta zagaya karin yadda ya ga dama. Daga rok suka ɗauko lantarki da dukan ganga mai ƙarfi. Tony Williams yana ɗan shekara 17 shahararren mabushin jaz Miles Davis ya ɗauke shi kiɗan ganga a 1963. A 1969 ya kafa tasa ƙungiyar da John McLaughlin a jita da Larry Young a ogan, babu ma mai jitar bes a faifansu na farko. Wallahi in ka saurara ba za ka iya nuna inda jaz ya ƙare rok ya fara ba. Ina son sunan da zai nuna hakan.

Sani Fagge:
Haɗin gambiza ke nan.

Garba Maiganga:
A'a. Gambiza zagi ne. Mutanen nan sun san abin da suke haɗawa.

Malam Ɗanjuma:
Na karanta duk abin da kuka rubuta, kuma raina bai yi daɗi ba. An ce a nemo Hausa, kun kawo rok, kun kawo jaz, kun lanƙaya musu siffa ɗaya kun ce an gama. Wannan ba fassara ba ce. Kalmar da kuke nema tana maƙera. Maƙerin farin ƙarfe yana narka ƙarafa biyu a tukunya ɗaya, ya zuba a mazubi, abin da ya fito ba ya rabuwa har abada. Gauraye kuwa ana iya tsince shi, kamar shinkafa da wake. Abin da Abban Sadiƙ ya kwatanta zubi ne. Saboda haka kiɗan zubi. Ɗayan kuma kiɗan tsawa, a jefar da rok ɗin gaba ɗaya. Na daɗe ina amfani da zubi a wannan ma'ana wajen koyarwa, ɗalibai kuma suna ganewa.

Ummi Zariya:
Allah ya gafarta Malam, bayanin ya yi ma'ana. Amma duk macen da ta ji kiɗan zubi a rediyo za ta ɗauka ranar zubin adashi ake magana.

Malam Ɗanjuma:
Kalma ɗaya tana ɗaukar ma'ana uku ko huɗu, ba a kan zubi aka fara ba. A faɗe ta sau goma a rediyo ta zauna. Wa ya san na'ura mai ƙwaƙwalwa kafin a fara faɗinta?

Sani Fagge:
Amma Malam, a kasuwar waya da makarantu kwamfuta ake cewa har gobe.

Malam Ɗanjuma:
Saboda irinku ne.

Isufu Maraɗi:
Salamu alaikum. Mu a nan jaz-rok muke ji, don haka Faransawa suka fi kiransa, kuma ina ganin ya wadatar. Sunaye biyu ne an jera, kowa ya san iyayen abin. Gamin jaz da rok in ana son tsawaitawa.

Malam Ɗanjuma:
Malam Isufu, muna fama da Turancin Ingilishi za ka ƙaro mana na Faransa. Daidaitacciyar Hausa muke nema.

Isufu Maraɗi:
Ban ji daɗin wannan magana ba, Malam. Daidaitacciya ta wa? A Yamai aka zauna a 1980 don daidaita rubutun Hausa tsakanin Nijar da Najeriya, ba wanda ya ce Hausar Katsinar Maraɗi ko ta Damagaram 'yar rakiya ce. Ku kuna cewa mota, mu muna cewa mato, duka aro ne. Naku aron ya zama Hausa, namu ya zama laifi?

Malam Ɗanjuma:
Ban raina Hausar kowa ba. Aron da bai zama dole ba nake ƙi, ko daga ina ya fito.

Hajiya Binta:
Ni tambayata daban ce. Muna da Shata da Ɗan Maraya da Narambaɗa, yara ba su gama saninsu ba. Me ya kai mu tono makaɗan Turawan da ko a garinsu ba a san su ba?

Abban Sadiƙ:
Hajiya, ranki ya daɗe, shirinmu yana da ranar makaɗanmu kowane mako, wannan ƙari ne. Kuma abin bai yi nisa da mu yadda ake zato ba. Ginger Baker, makaɗin gangar ƙungiyar Cream ta Ingila, ya ratso Sahara da mota ya zo Legas, ya yi faifai da Fela a 1971, ya gina ɗakin naɗar sauti a Ikeja. 'Yan Najeriya Berkley Jones da Laolu Akins sun yi wasa a ƙungiyarsa kafin su kafa ƙungiyar BLO tare da Mike Odumosu. Ofege 'yan makarantar St Gregory's ne a Legas lokacin da faifansu na farko ya fito. Osibisa kuma 'yan Gana ne suka jagorance ta a Landan tun 1969. Duk iska ɗaya ce ta kaɗa a shekarun nan.

Sannan ina son mai sauraro ya ji Nucleus. Ian Carr ne ya kafa ta a 1969, suka ci kyautar farko a bikin jaz na Montreux a 1970. A cikinsu Karl Jenkins yana busa obo, wadda 'yar uwar algaita ce, bakinta iri ɗaya, tsinke biyu a haɗe. Duk wanda ya tashi yana jin algaita a ƙofar fada, in ya ji wannan siririyar murya tana ratsa jitar lantarki, kunnensa zai tsaya. Haka Dick Heckstall-Smith na Colosseum, wanda yake sa saksofon biyu a baki lokaci ɗaya, hannu ɗaya a kan kowanne. Mutane irin waɗannan bai kamata a bar su a ƙasan akwati ba.

Hajiya Binta:
To, na ji. Amma ka sa BLO a ciki, kada a ƙare da Turawa kaɗai.

Garba Maiganga:
Mu koma kan magana, lokaci yake nema. Tsawar Malam ba ta da laifi, sai dai tsawa bugu ɗaya ce ta wuce, rugugi shi ne mai ci gaba. Kuma a bar wa abin da ya biyo baya wuri. Bitar da mujallar Creem ta yi wa faifan Sir Lord Baltimore a 1971 tana cikin wuraren farko da aka kira irin wannan kiɗa heavy metal. In an ba wannan tsawa, gobe me za a kira wancan?

Sani Fagge:
Kiɗan ƙarfe.

Ummi Zariya:
Kada ka buɗo wannan yau, don Allah.

Abban Sadiƙ:
Na gode ƙwarai. Ga abin da na rubuta. Kashi na farko: rok mai rugugi. Na biyu: gamin jaz da rok, kamar yadda Malam Isufu ya kawo. A farkon kashin zan yi bayani da misalin Malam Ɗanjuma, in ce an narka su ne an zuba wuri ɗaya. Shugaban sashe ya yarda da rok da jaz tunda sunaye ne.

Malam Ɗanjuma:
Ka ɗauki bayanin ka bar kalmar. To, shirinka ne. Rugugi na yarda da shi, Hausa ce tsantsa. Gami kuwa maneji ne kawai, kuma ban janye zubi ba. Aƙalla ka faɗe ta sau ɗaya a iska, mu ga ko wani zai bugo waya ya ce bai gane ba.

Abban Sadiƙ:
Sau ɗaya, Malam, in Allah ya yarda.

Garba Maiganga:
In ka zo kan Budgie ka faɗa musu Metallica sun sake rera waƙoƙinsu, matasa za su fi tsayawa. Kuma ka gargaɗi mai kula da na'ura tun da wuri, kada ya ji kaushin jitar ya ɗauka faifan ne ya lalace ya rage sauti.