Fayil biyu daban, lambar hash ɗaya: ina mafita?

Assalamu alaikum 'yan uwa masana kwamfuta. Ni ke kula da rumbun fayiloli na wata maɗaba'a a nan Kaduna. Manhajarmu da CRC32 take gane fayil ɗin da aka maimaita, ta goge ɗaya (CRC32 hanya ce ta lissafa lambar hash, wato gajeriyar lambar shaida da ake fitarwa daga abin da ke cikin fayil). Jiya katin biki da rasit suka fito da lamba guda, ta share rasit ɗin.

Bit 32, wato tsawon lambar CRC32, ya yi kaɗan: fayil kusan 77,000 ma yiwuwar biyu daban su yi karo a lamba ɗaya ta kai rabi, mu kuwa mun wuce nan tuntuni. SHA-256 nake so, wata hanyar hash mai lamba mafi tsawo, amma sake lissafa komai zai kwantar da tsohuwar kwamfutarmu, ga wuta ba tabbas.

To in bar CRC32 a matsayin rariya, sai lamba ta zo ɗaya in lissafa SHA-256? Ko kwatanta fayilolin kai tsaye ya fi? Don Allah a taimaka.