Kwalin kaset ɗin kawuna: lalacewa suka yi ko haka kiɗan yake?

Abba_Kakuri

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah ina neman wanda ya san kan tsofaffin kaset na Turai ya taimaka min. Kawuna Allah ya jiƙansa ya yi karatun sarrafa ƙarafa a Sheffield ta Ingila a farkon shekarun 1980, to bayan rasuwarsa da muka zo kwashe kayan ɗakinsa sai na ci karo da wani kwali a ƙarƙashin gado shaƙe da kaset, na wa'azi da na mawaƙanmu na gargajiya duk na ware su gefe, amma akwai wajen guda goma sha da ban gane musu ba sam. Bangonsu ba irin na kamfani ba ne, takarda ce baƙi da fari kamar an yi fotokwafi an yanka da almakashi, wasu ma da biro aka rubuta sunan. Ɗaya an rubuta Cabaret Voltaire 1974-1976 da Industrial Records a ƙasa, ɗaya Test Dept, ɗaya Throbbing Gristle, sauran ko karanta su ban iya ba. Na aro rediyo mai kaset wajen maƙwabcinmu na saka, wlh abin da ya fito kamar kana tsaye a bakin injin niƙa ga janareto a gefe ga wani yana magana ta cikin bututu. Inna ta ce sun lalace in zubar. Ni kuma zuciyata ta ƙi, don kawu mutum ne mai tsari ba zai ajiye shara shekara arba'in ba. Shin lalacewa suka yi ko da gangan aka yi su haka?

Malam_Sadi_Samaru

Wa alaikumus salam Abba, Allah ya jiƙan kawu ya sa ya huta. Kar ka zubar ko ɗaya. Ba su lalace ba, haka aka ɗauke su, kuma wanda ka ce an rubuta 1974-1976 ɗin in na asali ne to abu ne da masu tara irin waɗannan kaya suke nema ido rufe.

Shi wannan kiɗan sunansa indastiriyal, wato kiɗan masana'anta, kuma sunan daga wancan Industrial Records ɗin da ka gani ya samo asali. Ƙaramin kamfani ne da su Throbbing Gristle suka kafa wa kansu a Landan a 1976 saboda sun san babu babban kamfanin da zai taɓa abin da suke yi. Su huɗu ne, Genesis P-Orridge da Cosey Fanni Tutti da Chris Carter da Peter Christopherson, kuma asalinsu ba makaɗa ba ne in ka cire Carter da ya iya haɗa na'ura da hannunsa. Faifansu na farko a 1977 kwafi 785 kacal suka buga don iya kuɗin da ke hannunsu ke nan.

Su kuma Cabaret Voltaire 'yan garin da kawunka ya zauna ne, shi ya sa ban yi mamaki ba. Samari uku ne, Richard Kirk da Stephen Mallinder da Chris Watson, sun fara tun 1973 a wani ɗan ɗaki can saman rufin gidan su Watson, ba su da mai ganga ba su da kuɗin situdiyo, abin da suke da shi rikoda ce. Sai su ɗauki murya daga rediyo ko talabijin ko ƙarar titi, su yanke zaren da reza su manne bakinsa da bakinsa ya zama zobe, ya yi ta zagayawa yana maimaita abu ɗaya, sannan su ɗora wani sautin a kai. Wannan maimaicin da ka ji kamar inji ya maƙale to shi ne. Kuma ka tuna Sheffield garin ƙarfe ne, guduma mai tururi tana bugawa dare da rana ana jin ta har cikin gidaje, yaran da suka tashi da wannan a kunne ba za su ji shi a matsayin hayaniya ba. Lokacin da kawunka ya isa ma masana'antun sun fara mutuwa, an yi dogon yajin aikin ma'aikatan ƙarfe a farkon 1980 kusan wata uku, daga baya aka yi ta sallamar mutane. Kai da kake Kakuri ba sai na faɗa maka yadda gari yake komawa ba in masaƙa ta rufe.

Abin da ya fi burge ni shi Chris Watson ɗin, ya bar ƙungiyar a 1981 ya koma ɗaukar sautin tsuntsaye da namun daji, shi ne ya yi aiki a shirye-shiryen David Attenborough na BBC. Kunne ɗaya ne dai, jiya yana sauraron inji yau yana sauraron daji.

Oga_Mai_Rediyo

Ƙanena tsaya tukuna, kar ka ƙara saka su a rediyon maƙwabci sai an duba ta. Shekarata ashirin da wani abu ina gyaran waɗannan abubuwa, tsohuwar rediyo bel ɗinta ya saki robar da ke danne zare ta ƙeƙashe, minti ɗaya ta tauna maka kaset ka rasa shi har abada. Ka fara ɗaga kowanne a haske ka duba ko akwai farin fumfuna a jikin zaren, in akwai ka ware shi daban kar ya ɓata kan da ke karanta zaren a cikin rediyon. Ka duba ɗan audugan nan da ke ƙarƙashin zare a tsakiya, yakan faɗi in ya tsufa, in babu shi sauti zai fito a dushe. Ka sa biro ka juya shi a hankali daga farko har ƙarshe ka dawo da shi kafin ka kunna. A goge kan da auduga da sifirit. Kuma karo ɗaya za ka kunna, ka jona waya daga rediyon zuwa kwamfuta ka kwashe da manhajar ɗaukar sauti ta Audacity, kyauta ce, daga nan ka mayar da su kwali nesa da rana da lasifika saboda maganaɗisu yana goge su.

Ummu_Khalil

Ni dai gaskiya zan faɗa, na taɓa bibiyar tarihin waɗannan mutanen lokacin da nake karatun zane kuma akwai abin da ya kamata Abba ya sani kafin ya zurfafa. Su Throbbing Gristle ba ƙarar inji kawai suka tsaya ba, sun yi ta amfani da hotunan sansanonin 'yan Nazi da labaran masu kisan kai da tsiraici, har tambarin kamfanin nasu hoton wani gini ne na Auschwitz. Baje kolin da suka yi a cibiyar zane-zanen zamani ta ICA a Landan a 1976 sai da wani ɗan majalisa Nicholas Fairbairn ya kira su masu rusa wayewa. Su suna cewa madubi suke ɗaga wa al'umma ta ga munin kanta, ni kuma ban gamsu ba, wahalar da aka yi wa mutane ba kayan ado ba ce. Ka adana kayan kawunka, amma ka duba takardun da ke ciki kafin yara su gani.

Malam_Sadi_Samaru

Hajiya maganarki gaskiya ce ban musa ba, kuma waɗanda suka biyo bayansu wasu sun fi su wuce gona da iri, sun ɗauki munin sun bar tunanin. Sai dai ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Test Dept ɗin da ke kwalin Abba 'yan kudancin Landan ne da suka fara a 1981, ba su da kuɗin sayen ganga sai suka riƙa kwaso tankuna da sarƙa da farantan ƙarfe daga masana'antun da aka rufe suna dukansu da guduma, abin da suka fara fitarwa ma kaset ne a 1982. Da aka shiga yajin aikin masu haƙar kwal na 1984 zuwa 1985 su suka bi gari gari suna wasa suna tara wa iyalan ma'aikata kuɗi, har suka yi faifai tare da ƙungiyar mawaƙan masu haƙar kwal ta kudancin Wales. A Jamus ma Einstürzende Neubauten haka, a Balin ta Yamma a 1980, mai gangarsu ya sayar da gangunansa saboda babu kuɗi ya haɗa wasu da tarkacen ƙarfe, kuma kaset ɗinsu na farko-farko a cikin wani ɗan rami a jikin gadar babbar hanya suka ɗauke shi, wurin da ko miƙewa sosai mutum ba ya iyawa.

Game da kaset kuwa Abba, ai shi ne ƙashin bayan abin gaba ɗaya. Faifai sai ka je masana'anta ka biya na ɗaruruwa, kaset kuwa ka yi guda ashirin a ɗakinka in sun ƙare ka ƙara. Philips suka fito da shi a 1963 amma sai a 1979 da TEAC suka kawo Portastudio mai ɗaukar layin sauti huɗu a kan kaset na yau da kullum talaka ya samu situdiyo a kan tebur. Sai a sa adireshi a 'yar mujallar fotokwafi, ka aika naka ta gidan waya a aiko maka da na wani, daga Beljiyam zuwa Italiya zuwa Japan, mutanen da ba su taɓa ganin juna ba. Masami Akita da ake kira Merzbow a Tokyo haka ya fara wajen 1979, yana naɗawa a gida yana haɗa bango da hannu yana aikawa. Waɗanda ka ce an rubuta da biro ina kyautata zaton irin waɗannan ne na musaya, kuma mai yiwuwa kwafin da ya rage a duniya ba shi da yawa.

Dan_Maradi

Salamu alaikum daga Nijar. Ni abin da malam ya faɗa bai zo mini baƙo ba, mu da muka tashi iyayenmu na ɗaukar muryarsu a kaset a ba matafiyi ya kai wa ɗan uwa a Makka ko Abijan mun san kaset wasiƙa ne. Kuma dukan ƙarfe ya zama kiɗa, to lugude fa? mata uku a turmi ɗaya ai aiki ne kuma kiɗa ne, haka in ka tsaya a maƙera ka ji guduma biyu na amsa wa juna. Ku nemi Mamman Sani na nan Yamai, ba indastiriyal yake yi ba nashi mai sanyi ne, amma a 1978 ya ɗauki kaset da kayan kiɗan nan na lantarki mai kama da fiyano da ake kira ogan shi kaɗai a gidan rediyon ƙasa, kwafi kaɗan aka yi ya ɓace, kodayake mu mun yi ta jin sautin a rediyo da talabijin tsakanin shirye-shirye ba mu san mai shi ba. Sai a 2013 kamfanin faifai na Sahel Sounds suka sake fitar da shi duniya ta ji. Da wanda ya ajiye kwafin nan ya zubar da shi fa?

Abba_Kakuri

Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Oga na bi maganarka na ɗaga su a haske, biyu suna da fumfuna na ware, ɗaya kuma audugan ya faɗi na same shi a cikin gidan kaset ɗin. Hajiya na duba takardun, akwai ɗaya da na cire na ɓoye. Da na zare bangon ɗaya daga cikin na biron sai ga ambulan a naɗe a ciki da kan sarkin Beljiyam da adireshin kawu na Sheffield, an buga hatimin 1983, ashe shi ma yana cikin masu musayar. Na nuna wa Inna ta daɗe tana kallon rubutun sannan ta ce lallai da ya dawo yana da wata 'yar rikoda da yake yawo da ita kasuwa yana ɗaukar hayaniya, su a lokacin ba su gane me yake yi ba. Akwai kaset uku marasa suna ko kaɗan, yanzu tunanina ko nasa ne. Oga da wane irin gam ake mayar da audugan nan, kuma nawa ake canja bel yanzu? Ina so in fara da waɗannan ukun.