Wa ke shugabancin ofishin rajistar tambarin kaya a Nijar?

Ɗan Kasuwar Maradi:
Assalamu alaikum. Masu sani, wace ma'aikata ce ke ba da takardar mallakar tambari a Nijar, kuma su wa suka shugabance ta tun farko? Masu tatsar man gyaɗa nan Maradi na son a yi wa sunan kayansu rajista, don ana yawan kwaikwayon kwalinsu.

Malam Na-Gobir:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Takardar ba daga Yamai take fitowa ba. Nijar na cikin ƙasashe 12 da suka sa hannu a Libreville ranar 13 ga Satumba 1962, suka haɗa ofishi guda na rajistar tambari da ƙirƙire-ƙirƙire mai suna OAMPI. Yarjejeniyar Bangui ta 2 ga Maris 1977 ta maye gurbinsa da OAPI, ƙungiyar kare mallakar fasaha ta Afirka, mai mazauni a Yawunde, yau ƙasashe 17 ne. Saboda haka tarihin shugabancin da kake nema can yake. Denis Ekani ɗan Kamaru ya riƙe ofishin a shekarun farko. Paulin Edou Edou ɗan Gabon ya yi daga 2007 zuwa 2017, sai Denis Bohoussou ɗan Kodebuwa ya karɓa a 2017. Wa'adin shekara 5 ne, ana sabunta shi sau ɗaya, kuma majalisar ministocin masana'antu na ƙasashen ce ke naɗa babban darakta. A Yamai hukumar AN2PI ce ke karɓar takardu ta miƙa Yawunde. Waƙa da littafi kuwa na BNDA ne, ofishin kare haƙƙin mawallafa na Nijar, kada a haɗa su.

Hajiya Mai Lissafi:
Malam ya gama da tarihi. Abin da ke kayar da mutane shi ne rukuni. An kasa kaya da ayyuka gida 45, kuma inda ka biya nan kaɗai aka kare ka. Man gyaɗa na rukuni na 29. Wanda ya ƙara sabulu daga baya da suna ɗaya, sabulu na rukuni na 3, sai sabuwar buƙata. A fara bincike ko wani ya riga ka sunan, don kuɗin da aka zuba ba ya dawowa. Suna irin "Mai Kyau" ko "Man Gyaɗa" tsurarsa ba ya karɓuwa, tunda siffanta kayan kawai ya yi. Rajista shekara 10 take, ana sabuntawa, da sassaucin wata 6 ga wanda ya makara, tare da biyan tara.

Malam Na-Gobir:
Haka ne, Hajiya. In kuma masu tatsar ƙungiya ce, gara su nemi tambarin haɗin gwiwa da ƙa'idar da kowane memba zai bi. Kilishin Nijar da albasar Galmi wata hanya suka bi, wadda ke ɗaure sunan kaya da yankin da ya fito.

Baban Ɗan Isa:
Alhaji, ga abin da ya fi shafar Maradi: Najeriya ba ta cikin OAPI. Takardarka na aiki a Kwatano, Bamako da Njamena, amma da kaya sun tsallaka Ɗan Isa zuwa Jibiya, ba ta da ƙarfi. Mai kai kaya Katsina ko Kano dole ya yi rajista daban a Abuja, inda wa'adin farko shekara 7 ne, sabuntawa 14. A yi ta kafin tirela ta farko ta tashi, don dillali na iya riga ka sa sunan a can.