Kalmar "dope": inda take yabo da inda take jawo rigima

Malamin Turanci:
Jama'a, kalmar nan ta cika bakin samari, kuma da yawa suna saka ta inda ba gurbinta ba. Idan Ba'amurke ya ce "that beat is dope", nufinsa kiɗan ya haɗu. Siffa ce, tana zuwa bayan "is" ko gaban suna, kamar "dope shoes", wato takalmi na kece raini. Harafi ɗaya ke ɓata lamarin. "He is dope" yabo ne, amma "he is a dope" ka kira shi sakarai ke nan, domin "a" ɗin ta mayar da kalmar suna.

Mai Haɗa Sauti:
Gaskiya ne, Malam. A ɗakin ɗaukar waƙa an fi faɗinta kan kiɗa, baiti, sutura ko zane. Ma'anar yabon ta yaɗu ne daga mawaƙan hip-hop baƙaƙen fata na Amurka a shekarun 1980. Kafin nan, tun ƙarshen ƙarni na 19 ana kiran kayan maye da ita, musamman ofiyom, kuma wannan ma'anar tana nan daram har gobe. Shi ya sa "dope dealer" ba ƙwararren ɗan kasuwa ba ne, dillalin ƙwaya ne. Mai shago da ya rubuta haka a allonsa don burgewa ya gayyato 'yan NDLEA da hannunsa.

Ma'aikaciyar Filin Jirgi:
Wannan gargaɗin a riƙe shi da kyau. A gaban jami'in kwastan ko na shige da fice kada ta fito daga bakinka ko da wasa. "I have some dope stuff in my bag" kai tsarabar kirki kake nufi, shi kuwa abin da kunnensa ya kama daban. Sai a zazzage jakar, jirgi ya tafi ya bar ka kana bayani.

Malamin Turanci:
Na gode, Hajiya. Sai batun kwatanci. "Dopest" ya halatta, wato wanda ya fi kowa haɗuwa. "Doper" kuwa a guje shi, don an fi fahimtarsa da mashayi ko ɗan wasan da ke shan ƙwayar ƙara kuzari, abin da ake kira "doping", wanda ya sa aka kafa WADA, hukumar duniya mai yaƙi da shan irin wannan ƙwaya a wasanni, a 1999. "Dopey" ma ba ƙaramin yabo ba ne kamar yadda wasu ke zato, mai magagi ne ko mai jinkirin fahimta. Wajen furuci, "e" ɗin ƙarshe ba a faɗinsa, ana jan "o", a rufe leɓe a kan "p". Bakinmu yakan zame zuwa "dof", sai Bature ya yi ta tambayar me ka ce.

Ɗan Birtaniya:
A Landan za a gane ta, amma kowa na jin ta a matsayin ta Amurka. Matasan can sun fi cewa "sick", manyansu kuma "wicked". Dukkansu kalmomin aibu ne da aka juya suka zama yabo. Babu ɗaya da ta dace da takardar neman aiki, insha'in jarrabawar WAEC ko saƙo ga shugabanka a ofis. Can "excellent" ko "impressive" ake so.

Mai Aikin Famfo:
Yallaɓai, ku bar mana namu kason. "Pipe dope" wani man liƙi ne mai kauri da ake shafa wa zaren bututu, wato tsagin murɗawa da ke bakinsa, kafin a ɗaure, don kada ruwa ko gas ya zurara. Wannan ya fi kusa da asalin kalmar, "doop" ta Holanci, miya mai kauri da ake tsoma abinci. A shafa shi a kan zaren da ke shiga ciki kawai, a bar zare ɗaya ko biyu na baki, in ba haka ba man ya kutsa cikin bututun ya toshe matatar famfo.