Taswira da kayan wasan labari na kan tebur: yaya za mu haɗa su da abin da ke kasuwar Bauchi?

Ɗan_Yelwa:
Assalamu alaikum. Mu shida ne a Yelwa, muna buga Dungeons & Dragons, wasan da mutum ɗaya ke jan labari sauran kuma kowa na taka rawar jarumi ɗaya ana jefa dayis, duk ranar Asabar da ƙa'idojin nan na kyauta da kamfanin ya saki a 2014. Labari na tafiya lafiya, amma da an zo wajen faɗa sai musu ya tashi, wa ke kusa da wa, wa ke bayan ƙofa. Muna son taswira mai gidaje murabba'i da za a zana a goge, da 'ya'yan da za su tsaya a madadin 'yan wasa da dodanni, da ɗan bango ko bishiya. Dayis ɗinmu ma guda ɗaya ne mai fuska 20. Na waje sun fi ƙarfin aljihun ɗalibi. Me za mu saya a Wunti ko Muda Lawal, kuma da me ya kamata mu fara?

Malam_Rula:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka sayi komai sai ka tsayar da faɗin gida ɗaya, domin shi ne zai yanke maka girman duk sauran kayan. A ƙa'idar wasan, gida ɗaya inci 1 ne, wato santimita 2.54, kuma yana wakiltar ƙafa 5 a cikin labari. Mai tafiyar ƙafa 30 gida 6 yake ci. Babbar halitta kamar doki tana cin gida biyu-biyu, ƙato kuma uku-uku. Idan rularka ta santimita ce, ɗauki 2.5 ka tsaya a kai. Bambancin 2.5 da 2.54 kamar ba komai ba ne, amma a gida 36 ya kusa santimita ɗaya da rabi, kuma ranar da ka jera takardar da aka buga da inci kusa da wadda ka zana da santimita za ka ga layuka sun saɓa.

Akwai abin lura a nan. Idan marfin kwalbar lemo za ku yi 'ya'ya da shi, faɗinsa ya kusa santimita 3, ba zai zauna a gidan 2.5 ba, biyu suka yi maƙwabtaka sai su ture juna. To ko dai ka yi gidajen santimita 3 tun farko, ko ka nemi maɓalli ko washa. Wasan bai damu da girman gidan ba muddin duka ɗaya ne.

Ga abin da za ka saya: farin kwali na makaranta guda biyu, ledar nan mai kauri garai-garai da ake shimfiɗawa a kan teburin cin abinci yadi ɗaya, doguwar rula ko katako miƙaƙƙe, tef na tela, biro, salatif mai faɗi, da makar farin allo baƙa da shuɗiya.

Wajen zana gidajen ne mutane ke ɓata aiki. Kada ka riƙa matsar da rula gida-gida, kuskuren kowane gida yana hawa kan na baya, kafin ka kai ƙarshe layin ya karkace. Shimfiɗa tef sau ɗaya a gefen sama, ka ɗiga alama a 2.5, 5, 7.5 har ƙarshe ba tare da ka ɗaga shi ba. Ka maimaita a gefen ƙasa daga ɓangare guda, sannan ka haɗa ɗigo da ɗigo. Kuma kada ka amince cewa kusurwar kwalin daidai take. Auna santimita 30 a gefe ɗaya, 40 a ɗayan, tsakanin alamomin biyu dole ya ba ka 50. In bai ba ka ba, ja naka layin farko ka yanke rarar. Layin gidaje ya zama siriri, da shuɗin biro, domin bangon da za ka zana da baƙar maka ya fito a kansa.

Sai ka ɗora ledar a kai, ka naɗe bakinta ta baya da salatif. Gidaje na ƙasa, zane na sama, gogewa ba ta taɓa su. In za a ajiye, a naɗe a jikin guntun bututun ruwa, kada a ninke, domin ninki ba ya fita daga wannan ledar.

Mai_Bana_Gombe:
Malam ya yi bayani, amma ni ina ganin wanda zai iya ƙara ɗan kuɗi gara ya buga gidajen a bana. Kwali na yagewa, damina kuma na sa shi laushi. Masu buga bana da murabba'in ƙafa suke lissafi. Ƙafa 3 da ƙafa 2 murabba'i 6 ke nan, zai ba ka gida 36 a tsaye 24 a kwance, ya ishi kowane faɗa. Ka shirya fayil ɗin da ainihin girmansa, inci 36 da 24. Idan hoto ne kada ya gaza ɗigo 3600 da 2400. Manhajar zane ta Inkscape kyauta ce kuma tana yin wannan, su kuma yawancin shaguna manhajar CorelDRAW suke amfani da ita, don haka kai musu PDF. Ka tsaya a kan mai kwamfutar ka ce kada ya ja hoton ya cika faɗin injin, sun saba yin haka da hotunan biki. Kafin ka biya, sa rula a kan gida goma, inci 10 za ka gani.

Abin da ba a faɗa wa mutane: kada ka yi zane da maka kai tsaye a kan bana. Fuskarta na da ƙananan ramuka, kuma robar tana shan launi, ja da kore sun fi kamawa. Ko ledar da Malam ya ambata tana yin haka idan zane ya kwana biyu a kanta. A goge a daren da aka gama wasa. In tabo ya zauna, a sa sifirit a auduga. Banda fetur da tina, suna cin fuskar robar ta zama mai danƙo.

Wanda ba zai riƙa yawo da taswirarsa ba, gilashin tebur ya fi komai, ba ya riƙe tabo ko kaɗan. Farin tayil mai santimita 60 ma haka, gida 24 kowane gefe, sai dai nauyi.

Don ɗakuna na musamman, kamar fada ko kogo, ana zana su a Dungeon Scrawl, shafin intanet na zana taswira, a buga a A4. Takarda ɗaya na ɗaukar gida 8 da 11 in gidan 2.5 ne. A ce a buga da ainihin girma. A yi da injin hoda irin na fotokwafi, domin na tawada yana zuba da zarar gam mai ruwa ya taɓa shi. Amma shi ma na hodan kada a bar shi ƙarƙashin leda cikin zafi, rubutun yana mannewa a jikin ledar ya bar takardar.

Ɗan_Yelwa:
Na gode ƙwarai Malam, na gode yaya. Za mu fara da kwali da leda. Saura 'ya'ya da bango, sai kuma dayis. Wani a cikinmu ya ce mu jefa na ludo uku a madadin mai fuska 20.

Anti_Zulai:
Ɗana, kada ku yi haka. Mai fuska 20 kowace lamba kashi 5 cikin 100 take da shi. Na ludo uku kuwa daga 3 zuwa 18 suke ba ka, kuma tsakiya suke taruwa: 10 na fitowa sau 27 cikin 216, 18 kuma sau ɗaya tak. Abu mai wuya zai zama ba ya yiwuwa, mai sauƙi kuma ba a taɓa faɗuwa a kansa.

Da na ludo biyu masu launi daban ana samun 1 zuwa 20 daidai wa daida. Na farko 1 zuwa 4 ake so, in 5 ko 6 ta fito a sake. Na biyu 1 zuwa 5, in 6 ta fito a sake. Cire ɗaya daga na farko, ninka sau 5, ƙara na biyu. In 3 da 2 suka fito, 12 ke nan. Yana da jinkiri. Mafi sauri shi ne marfin kwalba 20 iri ɗaya, a rubuta lamba a cikinsu, a zuba a jakar da ba a ganin ciki, a zaro ɗaya, a mayar kafin na gaba ya zara. Mayarwar nan ita ake mantawa. Mai fuska 12 mai sauƙi ne: jefa na ludo biyu, in na biyu ya nuna 4 zuwa 6 ƙara 6 a kan na farko. Dayis na takarda ba na ba da shawararsa, gefen da aka liƙe na ƙarshe ya fi nauyi, shi zai riƙa kwanciya ƙasa.

'Ya'ya kuma, a ganina lamba da launi sun fi surar mutum amfani. Mai jan wasa zai ce "na uku ya ji rauni", kowa ya gane. Kuma akwai gidajen da ba a son ganin mutum-mutumi, da wannan babu mai magana. Yanka farin kwali zagaye, liƙa a kan marfi ko washa, dodanni ja da lamba 1 zuwa 10, 'yan wasa kowa da launinsa da harafin sunansa. Zoben robar da ke saura a wuyan gorar ruwa shi ma kada a yar, a ɗora shi kan ɗa don nuna an ɗaure shi ko guba ta kama shi. In kuna son masu tsayuwa, zana hoton gaba da baya a takarda mai faɗin santimita 2.5 da tsawo 8, ninka biyu, ka tanƙwara santimita ɗaya-ɗaya a ƙasa ka liƙa kan washa. Nauyin washar ne ke hana fanka kwashe su.

Malam_Rula:
Bari in ƙara kan bango, nan ne aiki yake da daɗi, nan ne kuma ake asarar gam.

Katan ɗin taliya ya isa gindi. Yanka biyu, ka haɗa su yadda ramukan cikin ɗaya za su gitta na ɗayan, kamar saƙar tabarma. Dalilin lanƙwashewa shi ne gam mai ruwa irin Top Bond yana kumbura fuskar da aka shafa, in ta bushe sai ta tsuke ta ja katan ɗin. Da hunturu abin ya fi muni, domin sama na bushewa cikin mintoci, ciki da danshi. Maganinsa: duk abin da ka liƙa a sama, liƙa takarda a ƙasa ma, gam siriri, ka danne da littattafai kwana ɗaya a inuwa. Kada ka shanya a rana. Koko na rogo ko na fulawa yana liƙewa, amma kyankyaso da gara za su cinye maka aikin.

Farin soson da ake tokare firji da talabijin da shi yana yin duwatsu da ganuwa. Sabuwar reza kawai, tsohuwa tana farfasa shi ƙwaya-ƙwaya. Evo-Stik, sufa gulu da fentin feshi duk suna narkar da shi, sinadarin da ke cikinsu ne ke cinye shi. Top Bond kaɗai. Kafin fenti, haɗa cokali ɗaya na Top Bond, ɗaya na ruwa, da ɗan baƙin fentin ruwa, ka shafe shi duka, sau biyu. Bayan ya bushe, tsoma burushi a launin ƙasa, goge shi a tsumma har ya kusa bushewa, sannan ka shafa sama-sama. Tudu zai ɗauki launi, rami ya zauna baƙi, sai ka ga dutse sak irin na Dass.

Tsayin bango kada ya wuce santimita 3. In ya fi haka, wanda ke zaune a tabarma ba ya ganin ɗansa, hannu kuma na ture shi. Yi su gajeru-gajeru, masu tsawon gida 2, gida 4 da gida 6, kowanne da washa ko tsakuwa a gindi, sai a jera yadda ake so. Guda 20 sun isa gari.

Sauran kayan duk a tsakar gida suke. Karan dawa, wanda yara ke motar kara da shi, ɓawonsa na yin danga, tsani da gada, tsokar cikinsa kuma ginshiƙi. Igiyar rama da aka warware na yin jinkar bukka. Yashi a tankaɗe da rariya, a soya shi a tsohuwar tukunya ya bushe sarai, a barbaɗa kan gam, bayan awa biyu a ɗiga gam kashi ɗaya da aka dama da ruwa kashi uku a kai don kada ya zube. Garin katako daga wajen kafinta, a cuɗa da koren fentin ruwa a shanya, ya zama ciyawa. Laka zalla tana tsagewa, sai an haɗa ta da takardar tishu jiƙaƙƙiya da ɗan gam.

Anti_Zulai:
Taswirar ƙasa da za ku miƙa wa 'yan wasa ba ta bukatar gidaje. Ku zana da biro, ba maka ba, ku jiƙa takardar a shayi mai kauri na ƙulli biyu a rabin kofi, minti biyar, ku shanya a kan tire, ku goge da dutsen guga ta bayan tsumma. Kuma ba sai kun kwafo ƙasar Turawa ba. Tsohon birnin Bauchi da ganuwarsa da ƙofofinsa, Ƙofar Ran, Ƙofar Wambai, Ƙofar Wunti, tsari ne da ya isa labari. Kogon Marshall da ruwan ɗumin Wikki a Yankari ma haka. A ƙa'idar wasan tafiyar yini mil 24 ce, don haka in kun sa santimita 1 ta zama mil 6, kowace santimita 4 kwana ɗaya ce a hanya, kuma guntun zare ya isa auna hanyar da ta yi kwana-kwana.