Shawarwarin masu gyara kan sauya furosesa a tsohuwar kwamfutar tebur

A tattaunawar da wasu masu gyaran kwamfuta suka yi a Sakkwato, bakinsu ya zo ɗaya cewa babban allon cikin kwamfutar (motherboard) ne ke yanke hukunci, domin kowace furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, tana da gurbin da take zama a kansa. Gurbin LGA 1155, alal misali, an yi shi ne don furosesocin Intel Core i3, i5 da i7 na zubi na biyu da na uku, amma wasu allunan ba sa karɓar na ukun sai an sabunta BIOS, wato manhajar cikin allon da ke tada kwamfuta, wasu kuma ba sa karɓarsa sam. Sun ja kunne sosai cewa kada a fara sabuntawar sai da UPS ko inbata, saboda ɗaukewar wuta a tsakiyar aikin tana iya kashe allon.

Batun zafi ne ya fi ɗaukar hankalina, tunda a watan Afrilu garin nan yakan haura digiri 40. Wajibi ne a goge busasshen man sanyaya da ke kan furosesa, a shafa sabo kamar ƙwayar wake, sannan a kakkaɓe ƙurar hunturu da ta toshe fanka.

Wasu kuma sun ce kafin a sauya furosesa a fara sa SSD, wato ma'ajiyar bayanai mai sauri, da ƙarin RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, domin sau da yawa nan ne nawar take.